Jan Biron Malam Jibo

Ranar da na kama aiki
na zo da digiri a jaka da takalmi mai ƙara.
Malam Jibo bai dubi ko ɗaya ba.
Ya turo min labari shafi uku,
ya ce, "Sa masa hula."

Na zauna na ɗinka, har da tuntu,
kalma goma sha bakwai.
Ya ƙirga su da bakin biro,
ya ce, "Hula na ce, ka naɗo gammo.
Mai sayen jarida a Kawo
ta tagar bas yake karatu
kafin direba ya sa giya.
Abin da bai shiga numfashi ɗaya ba
iska ka gaya wa."

Ofishinmu na saman shagon taya a Kakuri,
fanka na juyi kamar an tilasta ta.
A nan na gane ashe Hausar da na tsotsa
ba ta san hanyar yatsuna ba.
Na manta ƙugiya a kan ƙasa,
ta koma kasa, ta kwanta a layi tana jiran mai takawa.
Na haɗe ga da shi,
gashi ya tsiro a tsakiyar shafi.
Wani bawan Allah aka yi wa kyauta,
ubangidansa ya ba shi babur,
ni kuwa na matse kalmomin biyu
na ɗora masa bashi.
Istifanus mai tsara shafi
ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Malam ba ya dariya, ba ya faɗa.
Da'ira yake zanawa, ja wur,
takardata ta dawo kamar mai ƙyanda.
"Tazara ma harafi ce," in ji shi,
"ita ce kaɗai ba ta shan tawada."

Wata Laraba ya tafi asibitin ido,
na rubuta: An Fasa Taron 'Yan Tireda.
Nufina an janye, sai wani makon.
Da hantsi sai ga shugabansu daga Kasuwar Barci,
ya hawo bene yana haki:
"Wa ya fasa mu? Da kulki ko da barkono?
Matata tun asuba take kuka!"
Na duba, ba harafin da ya kauce,
amma kalma ɗaya ta haifi tagwaye.
Malam ya dawo da auduga a ido,
ya ce, "Baki na jan wasali, takarda ba ta ja.
In kalma na da ƙofa biyu, nemi mai ɗaya."

Sai daren da kogi ya shigo Kabala.
Ruwa a kwano, waya na ta ruri,
saura minti ashirin a kai shafi inji.
Na buga: Kimanin Mutum Goma Sun Rasu.
Karon farko hannunsa ya yi rawa.
"Ana kimanta buhu, ana kimanta taro.
Mamaci kowa da uwarsa.
Kira, ka ƙirga."
Na kira mai unguwa, na kira asibiti,
suna bayan suna, ina rubutawa a tafin hannu.
Bakwai ne.
Ukun da na kusa binnewa
suna kan rufin wata makaranta suna jiran kwalekwale.

Ambaliya Ta Ci Mutum Bakwai A Kabala.
Ya karanta sau biyu, ya matso da ita kusa da ido mai lafiyar,
ya mai da murfin biro.
Bai ce madalla ba.
Cewa ya yi, "Akwai sauran ƙosai a leda."

Yanzu ciwon ya kama ni.
Ba na wuce allo a Tudun Wada
ban laluba aljihu ba.
Jiya na tsaya gaban mai shayin layinmu,
ya rubuta da gawayi a bango: Ba bashi.
Na duba sama, na duba ƙasa,
ban sami abin gyara ba.
Na biya kuɗina.